Rami Na Huɗu a Fadamar Gedney

Shekara ashirin da shida ina tono a gonar Gedney, abin da na tara a cikinsu bai wuce tsingaro da ɓawon kawa da ƙusoshi masu tsatsa ba. Desmond ya zo, kwanansa uku da fara riƙe cokalin tono, ya ɗago zoben azurfa mai ɗan jan dutse a ka. Ina tsaye a bayansa da baro lokacin da abin ya faru. Ya ɗaga kai ya ce, "Neville, wannan wani abu ne, ko in jefar?"

Desmond mijin ƙanwata Maureen ne, direban bas da ya yi ritaya. Ni kuma wasiƙu na raba a garinmu Wadenby har gwiwata ta ce ta gaji. Da hannuna na kawo shi cikinmu, wannan ne ma ya fi ci min rai. Maureen ce ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Don Allah ka ɗauke min mutumin nan, ko da tura baro ne. Sau uku ke nan yana sake min jerin tukwane a satin nan." Na ga ba komai, ai kullum muna neman mai ƙarfin baya.

Ƙungiyarmu ta masu tonon tarihi ba wata babba ba ce. Mu goma sha huɗu ne, yawancinmu da tabarau da ciwon ƙugu. Kowace Agusta, da zarar tsoho Gedney ya yanke ciyawarsa, sai ya sakar mana gonar ta mako uku. A kan tudun da ke kallon kogin Nene muke tono, inda maginan tukwane na zamanin Rumawa suka zauna. Dokta Philippa Roake ce ke jagorantarmu, ita kaɗai ce a cikinmu ta karanci abin a jami'a, sauranmu a rami muka koya.

Muna da wata al'ada. Duk wanda ya tsinci abin kirki, haruffan sunansa ake rubutawa a jikin takardar da ake ɗaura wa abin, washegari kuma shi zai kawo kek na shayin ƙarfe goma. Sau biyu na taɓa sayen kek. Na farko saboda rabin mataji na ƙashi, na biyu saboda wani abu da na rantse na Rumawa ne, daga baya aka gano maɓallin rigar direban tarakta ne. Desmond kuwa a kakar tono biyu har mai gidan burodi ta san irin wanda yake so. Zobe, kwabbai bakwai a dunƙule, fil na tagulla mai siffar zomo, duk da haruffansa a jiki. Bai san sunan sarkin Rum ko ɗaya ba. Kowane kai ya gani a jikin kwabo sai ya ce, "Ga wani mai ƙaton hanci kuma."

Gwen, wadda ke wanke mana abubuwan da aka tono, ba ta raga min. Tana zuba shayi za ta ce, "Neville, ka ci kek ɗin surukinka mana, ko ɗaci yake maka?"

"Suga likita ya hana ni."

"Jiya da Dokta ta kawo biskit likitan bai hana ka ba."

Sai a fashe da dariya, Desmond ya fi kowa ƙarfin murya, yana buga min kafaɗa. Babu mugunta a ransa ko kaɗan. Da akwai, da na samu abin riƙewa. Ina kishinsa, kishi na gaske, irin wanda ke sa mutum ya koma gida ya kasa cin abinci, kuma ba ni da wanda zan gaya wa don duk wanda ya ji dariya zai yi.

Amma akwai abu ɗaya da yake nawa, wanda sa'ar Desmond ba ta kai gare shi ba. Shekaru ina bin gaɓar kogin da keke da jakar wasiƙu, kuma duk shekarar da aka yi ƙarancin ruwa ina ganin wani layi a ciyawa, ya fi sauran saurin bushewa. Daga tudun yake gangarowa, ya ratsa fadama a miƙe, ya tsaya a kusurwar da kogin ya yi lanƙwasa. Hanya ce a binne, kuma ba wanda zai shimfiɗa hanya zuwa bakin ruwa don ya je kallon agwagi. Na ce a nan maginan ke loda tukwanensu a kwale-kwale, akwai matsaya ta katako a ƙarƙashin wannan kusurwar. Na rubuta a 'yar mujallarmu sau uku. Har suna suka sa mata, tashar Neville, ana faɗa ana murmushi. Kowace shekara na roƙi Dokta mu buɗe wurin, kowace shekara ta ce ƙasar ta yi jiƙa, mu bari sai baɗi.

Sai Gedney ya sayar da fadamar ga wani kamfanin haƙar tsakuwa. Hukuma ta ce kafin katafila ta shiga sai an yi ramukan gwaji, in an samu wani abu a killace wurin, in ba a samu ba kamfani ya ci gaba. An yarda mu yi na ɓangaren kogi a ƙarƙashin Dokta. Ramuka huɗu ta zana a taswira, na huɗun a daidai kusurwata. Na kwana ina juyi don murna.

Ranar rabon aiki muna tsaye a bakin tanti, ta ce, "Neville, kai ne a rami na ɗaya. Bangaye ne a kan bangaye a can, ina bukatar mai ido. Desmond, kai da mutum biyu ku ɗauki na huɗu."

Na ce, "Dokta, na huɗu fa."

"Na sani. Aikin shebur ne zalla, laka har wuya, gwiwarka ba za ta ɗauka ba. In sun ga wani abu ai za a kira ka."

Za a kira ni. In zo in tsaya a bakin rami kamar ɗan kallo, in ga abin da na yi shekara ashirin ina faɗa yana fitowa a hannun mutumin da bai san bambancin Rumawa da 'yan kwana-kwana ba. Desmond ya saɓa shebur ya ce, "Kada ka damu, tsoho, in na samo tashar taka zan ajiye maka kujerar gaba." Na yi yaƙe, na juya na hau tudu.

Mako biyu ina rami na ɗaya, jikina a can, idona a gangare. Daga inda nake ina hango hularsa ja tana sama tana ƙasa, tulin ƙasa yana girma a gefensa. Duk lokacin da na ga ya daina motsi ya sunkuya sai gabana ya faɗi. Idan ya miƙe ya ci gaba sai in saki numfashi. Mutumin da ya fi kowa son a samu tashar nan ya koma yana fatan kada a same ta, kuma na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe aka bugo wa Dokta waya, mahaifiyarta ta faɗi a banɗaki a can arewacin ƙasar, an kwantar da ita. Tana saka jaka a mota tana ce min, "Na bar maka komai. Kai za ka duba ramukan, kai za ka sa hannu. Gedney yana son a rufe su ranar Juma'a, shanunsa za su dawo kiwo kafin kamfani ya karɓi wurin."

Washegari da hantsi Desmond ya ƙwala min kira. Na gangara ina ɗingishi. Ramin ya kai ƙirjin mutum, sun share gindinsa fes, ƙasa rawaya mai sheƙi daga wannan bango zuwa wancan, babu tsingaro, babu ko ɗigon baƙi.

Ga yadda aikinmu yake. Ana tono ne ana sauka har a kai ƙasar asali, wadda hannun ɗan Adam bai taɓa motsawa ba. Da an kai ta an gama, don babu abin da zai kasance a ƙarƙashinta. Sai a cike takarda, wanda ya duba ya sa hannu, a rufe rami. A kan tudu gane ta ba wuya. A fadama kuwa kogi yana yaudara. Ambaliya ɗaya babba tana iya shimfiɗa laka mai kauri, rawaya, mai tsabta, a kan gari guda, ta bushe ta yi kama da ƙasar asali sak. Wanda bai sani ba sai ya tsaya a kanta ya ce ya gama, alhali rufi ne kawai yake takawa.

"To, malamin ƙasa," in ji Desmond, yana share zufa da hula, "mun iso ko da saura?"

Na sauka da tsani. Na durƙusa, na kankaro kaɗan da cokali, na murza a yatsa, sannan na sa a haƙorin gaba kamar yadda wani tsohon mai tono ya koya min tun ina sabon shiga. Mutum biyun da ke tare da shi suka yi dariya, kullum suna dariyar wannan. Ƙasar asalin wurin nan tana da yashi, tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Wannan kuwa laushi gare ta kamar garin fulawa. Na ƙara matsowa da tabarau. Ga su nan, 'yan mitsi-mitsin katantanwa farare, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, irin waɗanda ke zama a ruwa. Lakar ambaliya ce. Ko shakka ban yi ba. Na san taƙi ɗaya ko biyu ne tsakanina da abin da nake nema.

Na ɗaga kai. Desmond yana tsaye a kaina, ya dogara da shebur, fuskar nan tasa ja tana murmushi, yana jiran abin da zan ce. A take na ga komai. Na ga ya kafa shebur sau uku katako ya bayyana. Na ga mai ɗaukar hoton jaridar gunduma, na ga haruffansa a jikin kowace takarda, na ji Gwen tana cewa, ashe tashar Neville Desmond take jira. Na kuma tuna ranar Asabar shi da Maureen za su tafi hutun mako guda bakin teku.

Na tofar da ƙasar na ce, "Asali ce. Kun gama."

"Kai! Haka kawai? Babu tasha?"

"Babu."

Ya cire hula ya mayar. "Wallahi ban ji daɗi ba, Neville. Na so a ce ka yi daidai."

"Ba kullum ake daidai ba. Ku tattara kaya."

Na haura zuwa tanti na cike takardar. Rami na huɗu, an kai ƙasar asali, ba a samu komai ba. Na sa hannu a kai. Dabarata a shirye take: Juma'a a rufe, Asabar su tafi, Litinin in bugo wa Dokta in ce raina bai kwanta da ramin nan ba, in roƙi Gedney kwana biyu, in buɗe kusurwa ɗaya da kaina. Ƙasar da aka mayar ba ta da wuyar tonowa. Kafin Desmond ya dawo da ƙunar rana a hanci, an gama magana. Ban ɗauki abin a matsayin ƙarya ba, jinkiri na kira shi, na kwana huɗu kacal.

Ranar Juma'a da rana ɗan Gedney ya zo da ƙaramar katafilarsu ya tura ƙasa cikin ramukan huɗu. Ranar Lahadi aka fara ruwa.

Kwana tara ana yi ba ƙaƙƙautawa. Tsofaffin Wadenby suka ce ba su taɓa ganin irinsa a farkon Satumba ba. Ranar Litinin na tsaya a taga na ce bari ya ɗauke. Ranar Alhamis kogi ya haura gaɓa. Na sa takalmin roba na je bakin shingen Gedney, fadama ta zama tafki, kawunan turakun shinge kawai ake gani, agwagi suna yawo a kan kusurwata.

Dokta ce ma ta riga ni bugowa. Muryarta a gajiye, mahaifiyar tata ba ta ji sauƙi ba. Ta ce ta ga takardun, ta haɗa rahoto a ɗakin jira na asibiti ta aika wa hukuma don kamfani yana matsa mata. "Na gode, Neville. Ban san yadda zan yi ba da babu kai. Kuma ka yi haƙuri da tashar, na san yadda ka ɗora rai a kanta."

Nan ne ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Amma me zan ce? In ce na yi kuskure, ta san ba na kuskuren laka, ita da kanta take turo min ɗalibai in nuna musu. In ce raina bai kwanta ba, za ta tambaya me ya sa na sa hannu. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa Allah ya ba mahaifiyarta lafiya. Na ajiye waya na ce idan ruwa ya janye zan san abin yi.

Ruwa bai janye ba sai Maris. Duk hunturun nan ina ɗauke da abin a ciki. Sau biyu na fara rubuta mata wasiƙa na yaga. Ranar Kirsimeti a gidan Maureen, Desmond ya cika min faranti da naman talotalo, ya zauna kusa da ni ya ce, "Ka san me? Ni har yanzu ina ganin ka koma ka sake duba wurin nan."

Na ce, "Ka fara koya min aikina ke nan?"

"A'a, ni wa? Cewa kawai na yi."

"To ka ci abincinka."

Maureen ta harare ni ta kan kwanon dankali, na yi kamar ban gani ba. A raina na ce, ji mutum, ya tsinci zobe ɗaya ya zama farfesa.

Da ƙasa ta fara tsanewa na ce sai mako mai zuwa, in ta ƙara bushewa. Ban san kamfani ya matso da ranarsa ba. Wata Talata cikin Afrilu, ina shayin safe, Gwen ta bugo. Ba gaisuwa. "Ka zo fadama yanzu. Ka zo kawai."

Na tarar da mutanenmu shida a bakin shingen waya da kamfani ya kafa. Katafila biyu manya, sun kwana biyu suna aiki, daga bakin kogi suka faro. Kusurwata babu ita, sai wani wawakeken rami da ruwa ya fara taruwa a ciki. A gefe an tara tulin baƙar ƙasa, kuma daga cikinta wasu abubuwa sun yi cirko-cirko. Turaku ne na katako, baƙi ƙirin, kaurin cinyar mutum, an fiƙe ƙarshensu, duk a kakkarye. Na ƙirga goma sha ɗaya daga inda nake. A ƙasansu tsingaro ne birjik, ba irin guntayen da muka saba ba, manyan ɓarayin tukwane sababbin karyewa, wasu har yanzu a cikin juna kamar yadda aka jera su don lodi.

Direban katafilar ne ya tsayar da aikin da kansa da ya ga abin ya yi yawa. Amma tifa ashirin da wani abu sun riga sun fita da ƙasar jiya. Ba wanda ya ga turakun a tsaye, ba wanda ya auna, ba wanda ya zana. A sana'armu abin da aka fizge daga mazauninsa ya zama kaya kawai, ba ya ba da labari. Shekara dubu da ɗari bakwai tana kwance lafiya a ƙarƙashin laka, da safiya biyu aka gama da ita.

Dokta tana cikin shingen, sanye da hular kwano, tana magana da shugaban aikin. Da ta fito ta nufo ni kai tsaye. Na tsaya ina jira ta zage ni, har na ƙagu. Sai ta dafa hannuna ta ce, "Ka yi daidai, Neville. Shekara ashirin kana faɗa." Ta kalli bangon ramin, inda rawayar lakar ta fito sarai a kan baƙar ƙasa, kaurinta bai fi taƙi biyu ba. "Wannan lakar kowa za ta iya ruɗa. Laifina ne da na tafi."

Gwen tana tsaye a gefe. Ta dai dube ni, ta daɗe, sannan ta kau da kai. Gwen ta sha ganina ina sa ƙasa a haƙori.

Desmond ya kama ni ya kai ni motarsa da ke bakin hanya, ya zaunar da ni, ya zuba min shayi a murfin fulas. Muka zauna muna kallon shingen ta gilashi. Ya daɗe yana murza sitiyari da tafin hannu, abin da yake yi ke nan in magana ta tsaya masa a wuya.

"Neville, akwai abin da zan gaya maka, kuma in ka ga dama ka mare ni."

Na juyo na dube shi.

"Ranar Juma'ar nan, kafin a rufe. Na riga kowa zuwa, na sauka ɗauko tsani da bokitai. Ruwa ya ɗan taru a gindin ramin, sai na ce bari in yi ɗan gurbi a kusurwa ya gangara. Shebur biyu na yi, rawayar ta ƙare. Baƙa ce a ƙasa, tana wari kamar kwata. Na cusa hannu ciki. Katako na taɓa. A tsaye."

Shayin ya zube min a wando, ban ma ji zafinsa ba. "Ka gani? Ka gani ka yi shiru?"

"Na mayar da lakar na daddanna da ƙafa."

"Don me, Desmond? Don me?"

"To ya zan yi? Jiya-jiya ka ce asali ce a gaban mutane, ka sa hannu. In fito in ce direban bas ya gyara wa Neville? A kan tasharka kuma? Ina sane da yadda kake ji, kada ka ɗauka ban sani ba. Maureen ta ce min kana komawa gida ba ka cin abinci. Ni abubuwan nan faɗo min suke yi, ban san darajarsu ba, kai ka sani. Na ce wannan ɗaya dai ba zan karɓe maka ba. Na san kanka, na ce kwana biyu za ka yi kana tunani ka ce a'a, a sake buɗewa, ka same ta da hannunka. Muna bakin teku kullum ina tambayar Maureen ko ka bugo." Ya share hanci da bayan hannu. "Duk hunturu ina jira. Da Kirsimeti na gwada, ka hantare ni. Ni na kashe ta, Neville. Kai kuskure ka yi, ni kuwa na sani na rufe."

Babban mutum, mai jikoki huɗu, yana kuka a kan sitiyari saboda ya tausaya min. Ga dama ta samu, ba abin da ya rage sai in ce masa, ba kuskure na yi ba, na sani tun kafin kai, don kada ka samu na rufe. Kunya ta kama ni, ba zan ce ba ta kama ni ba. Amma akwai abin da ya riga kunyar isowa, kuma shi ya fito daga bakina.

Na ce, "Yaya yake?"

Ya ɗago. "Me?"

"Katakon. Da ka taɓa shi. Yaya yake?"

Ya dube ni kamar bai gane ba, sannan ya kalli hannunsa na dama. "Sanyi. Da santsi, kamar sabulu. Amma da ƙarfinsa, bai ruɓe ba." Ya ɗan yi tunani. "Akwai wani ɗan lotsawa a gefe, inda aka sassaƙe shi da gatari. Babban yatsana ya zauna a ciki daidai, kamar don ni aka yi."

Na juya na kalli tulin baƙar ƙasar a bayan shinge. Tun da maginan nan suka bar wurin, mutum ɗaya ne tak ya taɓa tashata tana tsaye a inda suka kafa ta, kuma ba za a sake samun na biyu ba. Yana zaune kusa da ni yana neman in yafe masa.

"Ka yafe min?" in ji shi.

Na ce, "Tada motar, Desmond. Kai ni gida."